Yadda ake koyar da Turanci a ajin ƙauye da aka ce "ba sa so"

Duk wanda aka tura makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye a Jigawa ko Kano ya koyar da Turanci, tun makon farko zai ji magana ɗaya a ofishin malamai: "Yaran nan ba sa so." Haka ake faɗa wa sabon malamin da ya fito daga kwalejin ilimi ta Gumel ko ta Sa'adatu Rimi, haka ake faɗa wa ɗan bautar ƙasar da aka kawo daga Inugu ko Ibadan, wanda ko "sannu" bai iya ba. Idan ka shiga ajin kuma sai ka ga kamar gaskiya ne. Ka yi tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ka ba da aikin gida, a dawo maka da littafi fari fat. Ranar kasuwa kuwa rabin bencina babu kowa.

A ganina, yawancin abin da muke kira rashin so abu uku ne suka haɗu: yaro bai iya karanta haruffan ba, yana tsoron a yi masa dariya, kuma bai ga inda Turancin zai yi masa rana ba. Lalaci na gaske akwai shi, amma shi ne mafi ƙaranci. Matakan da ke tafe bi da bi suke, kuma na farkon shi ne wanda ba a tsallakewa.

Da farko, ajiye manhaja ka gwada kowa

Manhajar aji ɗaya na ƙaramar sakandare an rubuta ta ne da tunanin yaro ya yi shekara 6 a firamare, yana iya karanta ɗan gajeren labari da Turanci. Tsarin da aka daɗe ana bi a takarda a baya shi ne a yi koyarwa da harshen gida a shekaru 3 na farko, daga aji huɗu a koma Turanci. A aikace kuwa, a ƙauye malami yana rubuta Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafa. Shi ya sa za ka ga yaro mai kyakkyawan rubutu, ya cika littafi tsaf, amma idan ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya cikin abin da ya rubuta da hannunsa, ba zai iya furta ta ba. Wannan yaron ba ƙin darasinka yake yi ba, bai ma san me ake ciki ba.

Ka samu takarda ɗaya ka raba ta gida huɗu: haruffa 10 a warwatse, gajerun kalmomi 10, jimloli 4, sai ɗan labari mai layi shida ko bakwai. Fuska ɗaya da Hausa, ɗaya fuskar da Turanci. Ka fita baranda ko gindin bishiya, ka riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya, sauran ka bar musu abin kwafa a allo. Fara wa kowa daga jimlolin. Wanda ya wuce, kai shi labari. Wanda ya tsaya, sauko da shi kalmomi, in ya sake tsayawa, haruffa. Minti 3 ya isa kowane yaro, don haka aji mai mutum 70 zai ci maka darasi biyar ko shida. Ba asara ba ce. Wannan salon gwaji ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yi fice da shi, kuma ba ya buƙatar komai sai takarda da biro.

Kada ka karanta sakamakon a gaban aji, kada ka manna shi a bango. Ka rubuta a bayan rajistarka. Kuma ka kula da fuskar Hausar sosai, don yaron da ya iya karanta Hausa da boko ya riga ya yi rabin tafiya.

Sannan ka raba su rukuni

Rukuni uku ko huɗu, gwargwadon abin da ka gani. Kada ka ce "na ɗaya" da "na ƙarshe", ko "masu ƙoƙari" da "'yan baya". Sa musu sunayen kasuwanni ko garuruwa: Maigatari, Gujungu, Wudil, Dawanau. Za su gane wane rukuni ne gaba, yara ba wawaye ba ne, amma aƙalla babu wanda za a riƙa kira da sunan tsokana a hanyar gida.

Waɗanda ba su san haruffa ba, fara musu da karatun Hausa na makonni kaɗan. Wasu malaman Turanci suna jin wannan kamar ƙasƙanci ne, ni kuwa ban ga hanyar da ta fi ta sauri ba. Rubutun Hausa yadda ake furtawa haka ake rubutawa: ba, be, bi, bo, bu. Kuma kusan duk yaran nan sun zauna a makarantar allo, sun yi babbaƙu sun yi farfaru, sun san cewa ana fara sanin baƙi ne sannan a ɗora masa wasali. Ka tuna musu da haka, ka ce yanzu ma abin da za mu yi ke nan da haruffan boko. Idan sun iya haɗa "tasa", "gero", "kifi", sai ka shigo da gajerun kalmomin Turanci masu bin ƙa'ida irin su pen, bag, sit, hot. Kalmomin da rubutunsu daban furucinsu daban, ka bar su sai gaba.

Ka sanar da shugaban makaranta kafin ka fara, don ranar da masu duba makarantu suka zo kada a ce ka bar manhaja. Abin da ya fi zama lafiya shi ne minti 15 na aikin rukuni a kowane darasi, sauran lokacin na manhaja, kuma ka rubuta hakan a littafin shirin darasinka.

Kawo Turancin da yake cikin garin

Nan ne aikin yake. Littafin da gwamnati ta raba yana maganar filin jirgin sama da zuwa bakin teku, yaron da ke gabanka kuwa ko Dutse bai taɓa zuwa ba. Amma garinsu cike yake da Turanci, kuma kullum ana cutar mutane saboda rashin iya karanta shi. Buhun takin zamani. Jikin robar maganin feshi. Kwalin maganin zazzaɓi. Katin awo da na rigakafi. Saƙon banki a waya. 'Yar takardar da na'urar POS take fitarwa.

Ka ɗauki hoton rubutun da ke jikin robar maganin ciyawa, ka kwafe shi da manyan haruffa a bayan kwali. Robar kanta kada ta shigo aji ko da babu komai a ciki, guba ce. Ka rataye kwalin, ka zana surar robar a gefe, ka yi shiru. Ba za a daɗe ba wani daga bencin baya, cikin manyan nan da ba sa magana, zai ce:

"Malam, ai irin wanda Baba yake fesa wa shinkafa ne."

"To madalla. Murfi nawa yake zubawa a tanki ɗaya?"

"Biyu. Wani lokacin uku, in ciyawar ta yi ƙarfi."

"Su masu maganin nawa suka ce a zuba? Ga shi nan a rubuce. Zo ka nemo mana lambar."

Zai taso, don lamba ba ta ba shi tsoro. Daga lambar sai ka ja shi zuwa kalmar da ke kusa da ita: litres, mix, water. Sai layin gargaɗi: Keep out of reach of children. Shake well before use. Sai ranar lalacewa, inda aka rubuta EXP. Kafin a buga ƙararrawa yara sun koyi kalma shida ko bakwai, kuma gardama ta kaure a kan wa yake zuba daidai wa yake ƙona gonarsa. Gardamar da Hausa za a yi ta, ka bar su. Kalmomin da ake gardamar a kansu na Turanci ne, shi ne abin da kake nema.

Wani makon ka kwafo saƙon banki, ka canza suna da lambar asusu. Debit, credit, balance, insufficient funds. Ka kwafo takardar POS guda biyu, ɗaya an rubuta approved ɗaya declined, ka tambaye su wacce ce ta nuna kuɗi ya fita, kuma me mutum zai yi idan takarda ta ce bai fita ba amma waya ta ce an cire. Duk yaron da aka taɓa aike wurin mai POS zai miƙe zaune. 'Yan mata kuwa sun fi kama maganar kwalin magani: twice daily, after meals, mililita nawa ake ba jariri, domin su ne ake bar wa ƙanne.

Aikin gidan ma ya bi wannan layi. Maimakon "rubuta jimloli goma", ce musu kowa ya samo rubutun Turanci ɗaya a gidansu ko a shago, ya kwafo kalma uku, ya karanta wa babansa ko innarsa wadda ya gane. Ranar da uba ya miƙo wa ɗansa waya ya ce "duba min wannan saƙon", wannan yaron ka gama samunsa.

Maganar gobe kuwa, ka yi ta amma kada ka dogara da ita. Gaskiya ne sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ake shiga jami'a, ko ta tarayya da ke Dutse, ko ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ko Bayero. Gaskiya ne duk mai zana JAMB dole ya yi takardar Turanci, kowane fanni yake nema. Makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu da ta kiwon lafiya ta Jahun su ma suna nema. Amma ga ɗan shekara 13, shekara shida nan gaba kamar lahira ce. Gara ka gayyato 'yar garin da ke aiki a asibitin sha-ka-tafi, ko wani da ke zuwa ci-rani Legas ko Fatakwal, su yi wa yara magana ta minti 10 da Hausa a kan inda Turanci ya cece su da inda rashinsa ya ba su kunya. Gani ya kori ji.

Za a jefo maka tambayar nan, ko yaro ko uba: "Wane ma da ya yi digiri ba acaɓa yake yi ba?" Kada ka musa, gaskiya suka faɗa. Kada kuma ka yi alkawarin aikin gwamnati, ba a hannunka yake ba. Abin da za ka iya tsaya wa shi ne wanda ya iya karatu ba a sa shi dangwala hannu a takardar da bai san abin da ke ciki ba, kuma dillalin riɗi ko zoɓo ba ya rubuta masa wani abu ya faɗa masa wani.

Kashe dariya

Yaron ƙauye zai jure bulala goma, amma ba zai jure a kwaikwayi Turancinsa a dandali da daddare ba. Don haka doka ta farko a ajinka: ba a yi wa mai kuskure dariya. Wanda ya yi, shi zai karanta layi na gaba. Sau biyu ko uku za ka zartar da ita, magana ta ƙare.

Tarar da wasu makarantu suke ɗora wa wanda aka kama yana Hausa, ni ban taɓa ganin ta koya wa kowa Turanci ba. Shiru kawai take koyarwa, sai kuma ta mai da monita ɗan leƙen asiri. Haka dukan yaro don ya kasa amsa tambaya: gobe ba zai zo ba, ko ya zo ya laɓe a baya.

Tsarin da ke cire tsoro shi ne a fara tare. Ka faɗi jimla, duk aji su maimaita da ƙarfi, yadda suka saba a Islamiyya. Sai layi-layi. Sai bibbiyu, kowa da na kusa da shi, ajin ya cika da hayaniya, kai kana zagayawa kana saurare. Sai a ƙarshe ka kira mutum ɗaya, kuma wanda ka riga ka ji ya faɗa daidai. Idan yaro ya ce "Yesterday I go to farm", kada ka tare shi. Ka ce "Good, you went to the farm", ka ɗan danna went, ka wuce. A littafi ma kada ka cika shafi da jan biro. Zaɓi kuskure iri ɗaya a mako, shi kaɗai za ka yi wa alama.

A makarantar da ake haɗa maza da mata, 'yan mata da yawa ba za su buɗe baki a gaban samari ba. Su yi aikin bibbiyu a tsakaninsu, kuma ka riƙa yaba aikin rukuninsu gaba ɗaya maimakon ware mutum ɗaya. Manyan samarin da suka girme ajin, masu shekara 17 a aji biyu, su ne suka fi kowa jin kunya, su ne kuma ke tayar da rigima. Ba su muƙami: rubuta maki a allo, raba kwalaye, kula da lokaci.

Yadda minti 40 za su tafi

Minti biyar na farko gaisuwa da tambayoyin da ba sa canzawa: ranar yau, yanayin gari, wa bai zo ba. Maimaicin ne yake sa ko na baya ya samu abin faɗa. Sai minti goma na sabon abu, kuma sabon abin ya zama ƙwarangwal ɗin jimla ɗaya tak, kamar "I bought ... at the market", da kalmomi biyar zuwa bakwai da za a riƙa cusawa a gurbin. Sai minti 15 na rukuni. Sai kowa ya rubuta jimla biyu nasa na kansa. Kafin a fita, ka tsaya a ƙofa ka tambayi mutum huɗu ko biyar kalma ɗaya ɗaya.

Bayani da Hausa, gwaji da Turanci. Umarnin yau da kullum, irin su buɗe littafi, zauna, saurara, su zama da Turanci tun ranar farko, da nuni da hannu.

Ɗan bautar ƙasa da bai ji Hausa ba kada ya karaya. Tun 1973 ake turo 'yan kofa garuruwan nan, kuma dattawan da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 za su ba ka labarin malamansu 'yan Indiya da Pakistan da Filifin da Ghana. Rashin Hausar ma yana da amfaninsa, tunda dole yaro ya lalubo Turanci in yana son a fahimce shi. Abin da zai yi shi ne ya sa yara su riƙa koya masa kalma biyu a ƙarshen kowane darasi, ya furta, ya yi kuskure, su gyara masa. Malamin da ya yarda aka gyara masa, ajinsa ba ya tsoron kuskure. Idan kai ne ɗan gari a makarantar, ka zauna masa a aji makonni biyun farko.

Wuraren da Bahaushe yake tuntuɓe

Ba su da yawa, kuma kusan iri ɗaya ne a kowane aji. P da f: a nuna musu cewa a f haƙoran sama suna taɓa leɓen ƙasa, a p kuwa leɓɓa biyu ne suke rufewa su buɗe, a gwada da pan da fan, pull da full. V da b haka, van da ban. Sai cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, saboda Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere. Waɗannan minti biyu a darasi ya ishe su. Kada ka ɓata zango guda kana neman yaron Kafin Hausa ya yi magana kamar ɗan Landan.

Wanda ya fi cin maki a jarrabawa shi ne lokacin aiki. A Hausa, wakilin suna ne yake ɗauke da lokaci: na saya, zan saya. A Turanci aikatau ɗin ne da kansa yake canza kama, shi ya sa yaro yake barin sa yadda yake. Zaɓi aikatau goma da ake amfani da su kullum, go da went, buy da bought, sell da sold, eat da ate, see da saw, a rera su kamar hadda, don hadda kam yaranmu babu mai fin su. Sharaɗin kawai kowace a saka ta a jimla nan take, in ba haka ba za su haddace jerin su kasa amfani da ko ɗaya. Sai kuma it: tunda mota mace ce a Hausa, gida namiji, za ka ji ana ce wa mota she.

Bi kalandar gona

Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, yana faɗawa cikin kaka: gero, gyaɗa, riɗi, wake, dawa. Zango na uku yana haɗuwa da shuka da noman farko. Na biyu, lokacin hunturu, shi ne aji ya fi cika, sai dai a wuraren noman rani irin su Kura da Kadawa da Auyo. Abu mai nauyi ka ajiye shi a lokacin da ka san za ka samu yara. A yankin Haɗeja da Ringim kuma ka sa a ranka cewa shekarar da aka yi ambaliya, komawa makaranta kan yi jinkiri.

Ranar kasuwar yankinku, Alhamis ce kamar ta Maigatari ko Lahadi kamar ta Gujungu ko wata rana, ka san ta. In ta faɗo ranar makaranta kada ka fara sabon abu, yi bita. Masu zuwa kasuwar ka ba su aiki: su rubuto sunan kaya biyar da farashinsu da Turanci. Washegari da shi za a buɗe darasi, sai wanda ya yi fashi ya zama shi ne mai kawo labari.

Iyaye, da sake gwaji

Yaron da ya yi mako biyu bai zo ba, kada ka aika takarda, je da ƙafarka bayan la'asar. Ka yi sallama, a gaisa sosai, ka tambayi gona da iyali, sannan ka ce: "Baba, yaron nan naka yana da kai, ya fara karanta saƙon waya. Ina roƙon a bar mini shi ko kwana uku a mako har a gama girbi." Neman kwana uku ya fi samuwa a kan neman biyar. Maganar 'ya mace mai talla kuwa, malama ko wata dattijuwa daga kwamitin makaranta ta shiga wurin uwar, don kuɗin tallar nata ne. Ka kai wa mai unguwa da liman gaisuwa tun zuwanka garin, ba sai matsala ta taso ba. Kalma ɗaya daga liman bayan sallar Juma'a ta fi taron iyaye uku.

Bayan mako shida ka sake fito da takardar gwajin nan, ka canza kalmomin, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kamar farko. Wanda ya haura, mai da shi rukuni na gaba, ka nuna masa layinsa na da da na yanzu a rajista, shi kaɗai. Za ka tarar da mutum uku ko huɗu da ba su motsa ba ko kaɗan. Kafin ka yanke musu hukunci, dawo da su bencin gaba, ka rubuta ƙananan haruffa a allo ka ga ko suna gani, ka yi musu magana a hankali daga bayansu ka ga ko suna ji, ka kuma tambaya ko sun karya kafin su fito. Wanda ka ga alamar matsalar ido ko kunne, ka gaya wa iyayensa su kai shi babban asibitin ƙaramar hukuma. Sauran ka haɗa kowanne da wani daga rukunin gaba wanda unguwarsu ɗaya, su riƙa yin minti goma tare lokacin tara, ka sake gwada su a ƙarshen zango.